ABIN DA ƘAFA TA GANI A HANYAR MADARUNFA

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Amma tafiya iri-iri ce. Wanda ya shiga mota a tashar Maraɗi zai isa Madarunfa tun goron bakinsa bai ƙare ba. Sai dai abin da zai gani a hanya kaɗan ne: ƙura da ƙeyar direba. Wanda ya taka da ƙafa shi ne zai san inda yashi ya ci gona, da inda icce ya ragu, da inda burtali ya tsuke.

Madarunfa tana kudu da Maraɗi, tafiyar kilomita 20 da ƴan kai. Abu uku ya sa sunanta ya fita. Na farko tabkinta, wanda ba ya ƙafewa rani da damina. In ruwa ya yi kyau, faɗinsa yakan kai kusan hekta 800. Na biyu gandun dajin da ke kusa da shi. Na uku kushewun waliyyai. Mutanen garin sun gada daga kakanninsu cewa bayin Allah 99 ne ke kwance kewaye da tabkin. Shi ya sa jama'a ke zuwa ziyara daga Nijar da Najeriya.

Ga labarin wani manomi da ya je can da ƙafa bayan kaka, da abin da ya komo da shi.

Dalilin tafiya

Dattijo ne na wani ƙauye kusa da Tibiri. Ya haura shekara 60. Bai shiga lakwal yana yaro ba. Sai da gemunsa ya yi fari ya zauna ajin yaƙi da jahilci. Yanzu yana karanta wasiƙa da kansa, yana rubuta damman hatsinsa cikin ɗan kaye.

Sau ɗaya ya taɓa zuwa Madarunfa. Mahaifinsa ne ya kai shi yana ɗan yaro, kafin farin 1973. Tun daga nan bai koma ba.

Abin da ya tada maganar tafiya, gardama ce a gida. A tsakiyar gonarsu ta gado akwai ƙirya biyu manya. A gindinsu aka rufe kakansa, tun ƙauyen bai yi maƙabarta ba. Wasu masu gawayi suka zo suka taya itatuwan da kuɗi mai kyau. Babban ɗansa ya ce a sayar, don rumbu bai cika ba bana, ga kuma auren ƙanwarsa na matsowa. Maganarsa ba shirme ba ce. Dattijon bai ce i ba, bai ce a'a ba. Ya ce a ba shi kwana bakwai, zai je Madarunfa ya dawo.

Ɗan ya ce: "Baba, in roƙon matattu za ka yi, malamai sun hana."

Dattijon ya ce: "Ba roƙonsu za ni ba. Allah kaɗai ake roƙo. Zan yi musu sallama, in yi musu addu'a, in tuna da tawa ranar. Kuma ina so in ga ko wurin yana nan yadda na bar shi."

Ɗan ya kawo kuɗin mota. Uban ya maida masa. Ya ce da ƙafa aka kai shi, da ƙafa zai kai jikansa. Suka ɗauki gorar ruwa, da ƙuli-ƙuli, da garin rogo, da bargo ɗaya, da sanda. Ya sa kaye da bik a aljihu. Jikan, yaro ɗan shekara 13, ya rataya jakar.

Cikin gulbi

Da asuba suka fita, sanyi na busawa. Suka bi gefen Gulbin Maraɗi. Wannan gulbi daga ƙasar Katsina yake fitowa. Yakan shigo Nijar, ya ratsa ta Madarunfa da Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya koma Najeriya ya faɗa Gulbin Rima. Da damina kaɗai yake gudu. Da ɗari sai yashi, mutum na iya tafiya cikinsa kamar hanya.

Da hantsi suka iso ƙasan Maraɗi. Dattijon ya nuna wa yaron fadama ya ce tsohon birni a nan yake. Katsinawan da suka baro Katsina bayan jihadi ne suka kafa sarautarsu a nan. A 1945 gulbi ya yi ambaliya ya rushe gidaje, sai aka maida gari bisa tudu. Yaron ya dubi busasshen yashi ya yi dariya.

"Kaka, wannan ne ya ci gari? Ko kaza bai iya ci."

"Kai dai ba ka san shi ba. A da in ya kawo, har Tibiri yake shimfiɗa laka cikin gonaki. Wannan laka ita ce takinmu."

Gaskiyar tsoho ce. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya a Najeriya wajen 1990, ruwan da ke malalowa fadamar ya ragu. Gonakin da a da ruwa ke kwanciya cikinsu, yanzu sai an haƙa rijiya an sa inji.

Suka kwana a Maraɗi gidan ɗan'uwa. Washegari suka kama hanyar Jiratawa. Nan ido ya sha kore. Tun farkon shekarun 1980 aka yi aikin ban ruwa a Jiratawa. Ga zogale jere-jere, ga albasa, ga tumatir, ga barkono. Mata na tsinkar ganye, ƴan kabu-kabu na ɗaukar buhuna zuwa kasuwa. Dattijon ya ce a tafiyarsa ta farko duhuwa ce a wurare da yawa na hanyar nan, har yaro kan ji tsoro. Bai yi baƙin ciki da lambuna ba, don abinci ne. Amma ya fito da kayensa ya fara lissafi. Duk babban iccen da suka wuce, wanda mutum ɗaya ba zai iya rungumewa ba, sai ya ja layi. Gawo daban, tsamiya daban, kanya daban, ƙirya daban.

Gaba da Jiratawa suka tarad da wani makiyayi Bafillace, tsaran dattijon, yana kora shanu goma sha zuwa tabki. Suka gaisa.

"Sannu Baffa, ina gajiya? Yaya bisashe?"

"Lafiya lau Malam. Bisashe sai godiya, hanya ce dai babu."

Suka jera tare. Makiyayin ya nuna musu burtali. Ya ce a da shanu biyar kan jera a cikinsa, yanzu wani wurin sai ɗaya bayan ɗaya. Kowace shekara mai gona na ƙara kunya ɗaya. Kunya ɗaya ba ta da yawa, amma ta shekara 20 ta cinye hanya. Ranar da saniya ta sa baki a dawa, sai rigima, sai gaban sarki. Dattijon bai musa ba. Ya ce shi ma ya ga shanun da aka saki cikin lambu da gangan. Kowa ya faɗi tasa, ba wanda ya ɗaga murya, don tafiya ta riga ta haɗa su. Suka ci ƙuli-ƙuli ɗaya, suka sha nono ƙwarya ɗaya.

Bakin tabki

Bayan la'asar suka hango ruwa yana walƙiya. Yaron bai taɓa ganin ruwa mai faɗi haka ba. Ya tsaya ya kasa magana. Masunta na fitowa da jiragensu, ga tarwaɗa ga karfasa. Mata na suya a bakin hanya. Balbelu sun rufe itatuwa kamar an shanya fararen tufafi. Akwai kuma tsuntsaye baƙi, waɗanda ke gudo sanyin ƙasashen Turai su yi ɗari a nan, su koma.

Tabkin daga Gulbin Gabi yake samun ruwa, sai kuma abin da Gulbin Maraɗi ya zubo masa in ya cika. Amma ruwa ba shi kaɗai yake zuwa ba. Inda aka sare itatuwa a tudu, ruwan sama na kwaso yashi ya kawo. Yashin na kwanciya a ƙasan tabki shekara bisa shekara. Masunta suka ce wuraren da gora ba ta taɓa ƙasa a da, yanzu yaro na tsayawa.

Da safe wani tsoho na garin ya zaga da su kushewu. Suka tuɓe takalma. Dattijon ya yi sallama, ya yi addu'a ga mamatan, ya haɗa da iyayensa. Yaron ya yi yadda ya ga kakansa na yi. Ba su gama zagayawa duka ba, don ƙafar tsoho ta fara kumbura.

Da suka zauna hutawa ya buɗe kayensa, sai ya lura da wani abu. Layukan da ya ja a tafiyar yini biyu ba su da yawa. Amma inda duk aka ce nan makwancin bawan Allah ne, sai ya ga inuwa kusa. Ba wanda ya kai gatari wurin. Ba waya, ba katanga mai tsawo, ba soja. Kunya ce kawai da girmamawa suka tsare itatuwan.

Labarin wani kwari mai nisa

Da dare suka sauka zauren mai masaukinsu. Akwai wani saurayi ma'aikacin gandun daji da ya zo hira. Dattijon ya nuna masa lissafinsa. Saurayin ya ce: "Baba, abin da ka gani ba a nan kaɗai yake ba." Ya ce a 2006 gwamnatin Nijar ta miƙa sunan gandun dajin Madarunfa da tabkin da kushewun 99 ga hukumar UNESCO, tana neman a sa su cikin kayan tarihin duniya. A 2019 kuma aka sa tabkin cikin yarjejeniyar Ramsar, mai kare tabkuna da fadamu. Sannan ya ba su labarin wani wuri da ya riga ya shiga wancan jeri na UNESCO.

Wurin yana ƙasar Labanan, ƙasar fataken nan da Hausawa ke kira Kwara. A arewacin ƙasar akwai kwari mai zurfi tsakanin manyan duwatsu. Sunansa Kadisha. A tsohon harshen mutanen wurin, ma'anar sunan ita ce mai tsarki. Kogi na gudu a ƙasansa har birnin Tarabulus, bakin teku. Da ɗari ƙanƙara kan rufe kan duwatsun fari fat.

Tun ƙarnonin farko na addinin Kirista, ƴan zuhudu suka shiga wannan kwari. Ƴan zuhudu su ne masu barin aure da dukiya su keɓe don ibada. Duk wanda ya ji tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ji sunan Bahira, wanda ya gan shi yana yaro a hanyar Sham. To, irinsu ne. Wasu suka zauna su kaɗai cikin kogon dutse, kamar mai shiga halwa. Wasu suka sassaƙa ɗakunan ibada a jikin dutsen. Yawancinsu Maruniyawa ne, mabiya wani waliyyinsu mai suna Marun. In masu mulki sun matsa musu, kwarin ne mafakarsu. Daga 1440 shugabannin ɗariƙarsu suka zauna a gidan zuhudu na Kannubin, kusan shekara 400.

Ba ibada kaɗai suka yi ba, manoma ne. Ƙasar tudu ce mai gangare, ruwa na kwashe ta. Sai suka jera duwatsu hawa-hawa suka tare ƙasa, suka shuka alkama da inabi da zaitun. Dabara ɗaya ce da jera duwatsu da ake koya wa manoma a Nijar don tare zaizaya. Kuma masu karatu ne. A gidan zuhudu na Kuzhaya aka buga littafin Zabura da inji a 1610, yana cikin littattafan farko da aka buga a ƙasashen Sham.

Bisa kwarin akwai wani icce da ake kira al'ul, Larabawa na ce masa arzu. Shi ne a jikin tutar Labanan. A zamanin da, ya rufe duwatsun ƙasar. Sarakunan Masar da na wasu ƙasashe suka yi ta sara suna gina fada da jiragen ruwa. Masu neman itacen wuta suka ɗora. Awaki suka cinye masu tsirowa. Daji ya ƙare, sai ƴan kurmi nan da can. Wanda ya fi suna yana kusa da garin Bisharri, itatuwa ƴan ɗari kaɗan. Mutanen wurin na ce musu itatuwan Ubangiji, suna jin nauyin taɓa su. A 1876 aka kewaye kurmin da katangar dutse don hana awaki shiga. Sarauniya Biktoriya ta Ingila ce ta biya kuɗin. A 1998 UNESCO ta sa kwarin da kurmin cikin kayan tarihin duniya.

Yau mutane daga ƙasashe da yawa na zuwa su taka kwarin da ƙafa, Kirista da Musulmi. Akwai hanyar ƙafa mai tsawon kilomita 470 da ta bi duwatsun Labanan daga arewa zuwa kudu, ta ratsa Kadisha. Matafiya na kwana a ƙauyuka, suna sayen abinci, suna biyan ɗan jagora. Ƙauyawa na samun na cefane, don haka su ma suna tsaron wurin.

Shinge iri biyu

Makiyayin yana zauren, yana saurare. Da aka zo maganar katanga sai ya gyara zama.

"To Malam, ka ji. Ko'ina laifin na dabba ne. In aka yi wa tabkin nan katanga, shanuna su sha ina?"

Dattijon ya ce: "Baffa, ka ji rabi ka bar rabi. Kafin katanga me ya tsare itatuwan? Shekara nawa sarakuna na sara, me ya sa waɗannan suka tsira? Nauyin wurin da mutane ke ji. Katanga daga baya ta zo. Mu nan ba mai kuɗin kewaye tabki, kuma bai kamata ba. Kai kana son mashaya, masunci na son kifi, mai lambu na son laka. Shingenmu shi ne kunya. In ta faɗi, ko waya aka ja sai an yanke."

Ma'aikacin ya ƙara da cewa ƙasar Maraɗi ta taɓa nuna wa duniya haka. A watan Mayu na 1984, shekarar yunwar da ake kira El Buhari, aka yi babban taro a Maraɗi kan yaƙi da hamada. A lokacin kuma wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya, Toni Rinaudo, yana yawo ƙauyuka yana nuna wa manoma kada su ƙone kututture, su bar reshe biyu ko uku su tashi. Shi ne sassaben zamani. Shi Kirista, manoman Musulmi, amma icce bai tambayi addinin kowa ba. Gonaki miliyoyin hekta suka sake yin itatuwa a Nijar, ba da katanga ba, da yardar masu gona.

Dattijon ya komo gida ranar ta shida, a mota, don ƙafa ta gaza. Ya tara iyalinsa. Ya ce ƙiryoyin nan ba na sayarwa ba ne. Ya ce: "Ranar da muka sare su, shekara biyu garma ta bi ta kan kakanku, shekara goma ba mai sanin inda yake." Ya san kuɗi ake bukata, don haka ya ba da ragonsa biyu da ya turke a sayar. Aka rage kayan biki. Ɗan bai ji daɗi ba, har yau bai gama hucewa ba. Kuɗin raguna bai kai na gawayi ba, kuma bazara za ta yi wa gidan tsawo. Amma ya bi maganar ubansa. Dattijon kuma ya je wurin maigari ya nemi a tara manoma da makiyaya kafin shuka, a sake auna burtalin ƙauyen a kafa alama.

Ga mai niyyar zuwa

Ya ku manoma da makiyaya, wanda Allah ya hore wa lafiya ya gwada wannan tafiya ko sau ɗaya. Lokacin da ya fi shi ne bayan kaka, da sanyi, hatsi ya shiga rumbu, gulbi ya bushe.

A fita da asuba, a huta da rana ta take. A riƙe ruwa da guzuri da takalmi mai sauƙi. A riƙe katin ɗan ƙasa. Kada a yi tafiyar dare, kada mutum ya tafi shi kaɗai. A ƴan shekarun nan ɓarayin shanu da masu satar mutane sun dami ƙauyukan bakin iyaka da wajen dajin Baban Rafi. A tambayi maigari labarin hanya kafin a wuce kowane gari.

In an isa, a gaida masu gari, a nemi wanda ya san wurin ya yi jagora. Kada a taka kushewa. Kada a karya reshe. Kada a zubar da leda bakin ruwa, don dabba na ci ta mutu. Malamai sun sha bamban kan wasu abubuwan da ake yi wurin ziyara, kowa ya tambayi malaminsa. Amma ba malamin da ya ce a nome kabari, ko a kashe ruwan da jama'a ke sha.

A tafi da yara. Yaron da bai taɓa ganin wuri ba, ba zai ji nauyinsa ba in ya girma. Kuma wanda ya iya rubutu ya riƙe kaye da bik. Ya rubuta manyan itatuwan da ya gani, da faɗin burtali, da inda ruwa ya tsaya bana. Ya ajiye. Bayan shekara biyar a sake aunawa, a ga ko gaba aka yi ko baya.

Ba Madarunfa kaɗai ba. Kowane gari na da tsohuwar maƙabarta, da tsohuwar rijiya, da kukar da aka kafa gari a gindinta. Ba sai baƙo ya zo daga nesa ya ce suna da daraja ba. Masu wurin su fara tsaron abinsu.

Allah ya jiƙan magabata, ya ba da damina mai albarka, ya zaunar da ƙasa lafiya. Amin.